Tallar yaudara a gaban alƙali

Talla ita ce duk maganar da mai kaya ke yi domin ya jawo hankalin mai saye, ko a rediyo, ko a talabijin, ko a allon bakin hanya, ko a wayar salula, ko kuma a jikin kwali da gwangwani. Idan maganar ta sa mutum ya fitar da kuɗinsa bisa zaton abin da babu shi, sai a kira ta tallar yaudara. A ƙasashe da dama doka ta ba mai saye damar kai kamfani ƙara a kan irin wannan talla, ya nemi a mayar masa da kuɗinsa, a kuma tilasta wa kamfanin ya gyara bakinsa.

Mafi yawan shari'o'in da suka yi suna an yi su ne a Amurka, da Ingila, da Ostiraliya. A can ne za mu bi su. Duk inda muka ce dala a wannan shafi, dalar Amurka muke nufi, ba dalarmu ta sefa biyar ba.

Yabon kaya da alkawari

Kowa ya san mai kaya ba ya kushe kayansa. Idan kamfani ya ce shayinsa ya fi kowane shayi daɗi, babu alƙalin da zai kama shi, domin daɗi ba shi da ma'auni, kuma mai hankali ya san kirari ne kawai. Amma idan kamfani ya faɗi abin da za a iya aunawa, kamar ya ce kayansa na warkar da cuta kaza cikin kwana kaza, to ya fita daga yabo ya shiga alkawari. Tsakanin waɗannan biyu ne alƙalai ke ta jan layi fiye da shekara ɗari.

Shari'ar da ta kafa harsashi an yi ta a Landan. A shekarun 1889 da 1890 wata annobar mura mai zazzaɓi ta ratsa duniya, ta kashe mutane wajen miliyan ɗaya. Tsoro ya kama jama'a, masu sayar da magani kuwa kakarsu ta yanke saƙa. Wani kamfani mai suna Carbolic Smoke Ball ya fito da wata ƙwallon roba mai bututu, cike da hodar magani. A sa bututun a hanci, a matse ƙwallon, a shaƙa. Kuɗinta sule goma. A watan Nuwamba na 1891 kamfanin ya buga talla a jarida cewa duk wanda ya shaƙi ƙwallon sau uku a rana har mako biyu, sannan murar ta kama shi, za a ba shi fam 100, wato ninki ɗari biyu na kuɗin da ya biya. Ya ƙara da cewa ya ajiye fam 1,000 a banki domin a san da gaske yake.

Wata mata mai suna Louisa Carlill ta sayi ƙwallon, ta bi ƙa'ida kusan wata biyu. Ranar 17 ga Janairu 1892 mura ta kwantar da ita. Ta nemi fam ɗarinta, kamfanin ya yi kunnen uwar shegu, ta kai shi kotu. Lauyoyinsa suka kawo hujjoji iri-iri: wai talla ce kawai, wai ba a ƙulla ciniki da duniya baki ɗaya, wai matar ba ta sanar da su cewa ta karɓi tayin ba. Kotun ɗaukaka ƙara ta yi watsi da su duka a watan Disamba na 1892. Abin da ya kayar da kamfanin shi ne fam dubun nan na banki: wanda ya ce ya ajiye kuɗi domin nuna gaskiyarsa ba zai dawo daga baya ya ce wasa yake yi ba. Har yau ana koyar da wannan shari'a a makarantun lauyoyi na Ingila da ƙasashen da suka gaji dokarta. Ita dai Louisa Carlill ta rayu har 1942, ta rasu tana da shekara 96, likitanta kuma ya rubuta mura cikin abubuwan da suka yi ajalinta.

Ga kuma ɗaya gefen. A 1996 kamfanin Pepsi ya yi wata gasa a Amurka: a sha lemo a tara maki, a karɓi riga ko tabarau. A ƙarshen tallar talabijin sai aka nuna wani yaro ya sauka a makaranta cikin jirgin saman yaƙi, aka rubuta maki miliyan 7. Wani ɗalibi ya lura cewa ƙa'idar gasar ta yarda a sayi maki da kuɗi. Ya samo masu zuba jari, ya aika da cak na dala 700,000 da ƴan kai, ya ce a kawo masa jirginsa. A 1999 kotu ta ce babu mai hankalin da zai ɗauka za a ba shi jirgin soja na dala miliyan 23 a kan wannan kuɗi. Raha ce, kuma kowa ya gane raha ce. Ma'aunin alƙali ke nan a kowane lokaci: me mutum mai matsakaicin hankali zai fahimta idan ya ji tallar?

Gaskiyar da ke ɓatar da mutum

Manyan kamfanoni ba su cika yin ƙarya tsirara ba, suna da lauyoyin da ke duba kowace kalma. Abin da ya fi yawa shi ne a faɗi magana ta gaskiya a wurin da za ta haifar da zaton ƙarya. Doka ta san wannan dabara, shi ya sa take duba abin da mai saye ya fahimta, ba kalmomin kaɗai ba.

A 2004 wasu ƴan mata biyu masu shekara 14 a birnin Okland na ƙasar Niyu Zilan suka yi gwajin kimiyya a makarantarsu. Sun so su auna bitamin C da ke cikin lemon kwali iri-iri. Tallar wani lemo mai suna Ribena tana cewa ƴaƴan itacen da ake yin sa da su sun ninka lemon zaƙi sau huɗu wajen bitamin C. Game da ƴaƴan itacen, maganar gaskiya ce. Sai dai lemon da aka riga aka haɗa don sha, da yaran suka auna shi, kusan babu bitamin ɗin a ciki. Suka rubuta wa kamfanin, ba su sami amsar kirki ba. Wani shirin talabijin ya ɗauki labarin, hukumar kula da ciniki ta ƙasar ta shigar da ƙara. A watan Maris na 2007 kamfanin GlaxoSmithKline ya amsa laifi goma sha biyar, aka ci shi tarar da ta haura dalar Niyu Zilan 200,000, aka kuma umarce shi ya buga tallar gyara a jaridu.

Misalin da ya fi wannan koya wa mutum hattara da alƙaluma shi ne na kamfanin Kellogg. A 2008 ya yi ta talla a Amurka cewa bincike ya tabbatar wani abincin karin kumallo nasa, na alkama da sukari, yana ƙara wa yara natsuwa a aji da kusan kashi 20 cikin 100. Binciken kuwa an yi shi. Amma da hukumar kula da ciniki ta tarayyar Amurka, FTC, ta buɗe takardun, sai ta ga da wa aka gwada yaran: da yaran da ba su karya kumallo ba sam. Ai yaron da ya sha koko ma zai fi mai yunwa natsuwa. Ko a hakan, rabin yaran da suka ci abincin ne kawai suka nuna wani ci gaba, waɗanda suka kai kashi 20 ɗin kuwa wajen ɗaya ne cikin tara. Kamfanin ya sasanta da hukumar a 2009, sannan a 2013 ya yarda ya ware dala miliyan 4 domin iyayen da suka saya. Duk lokacin da talla ta ce "ya fi", tambayar da ta kamata ita ce: ya fi me?

A Ostiraliya kuma kwali aka yi wasa da shi. Kamfanin da ke yin maganin ciwo na Nurofen ya fito da kwali huɗu masu launi daban-daban: na ciwon baya, na ciwon al'ada, na ciwon ɓarin kai, da na ciwon kai na gajiya. Kuɗin kowanne ya kusan ninka na Nurofen na yau da kullum. Ƙwayar da ke cikin kwalayen huɗu iri ɗaya ce, sinadari ɗaya, awo ɗaya, kuma magani ba ya zaɓar gaɓar da zai tafi. Kotun tarayya ta same shi da laifi a 2015. Tarar farko dalar Ostiraliya miliyan 1.7 ce, hukuma ta ce ta yi kaɗan ta ɗaukaka ƙara, aka mai da ita miliyan 6 a ƙarshen 2016.

Mece ce ƙarar gayya?

Akwai wata matsala da ke gaban duk wanda aka cuta a ƙaramin ciniki. Wanda ya yi asarar dala huɗu ba zai ɗauki lauya ba, kuɗin motar zuwa kotu ma ya fi abin da yake nema. Kamfani kuwa idan ya ci dala huɗu-huɗu daga mutum miliyan goma, ya tara miliyan arba'in. Domin toshe wannan kafa ne dokar Amurka ta buɗe wata hanya, wadda ta ɗauki siffarta ta yanzu a 1966. Mutum ɗaya ko ƴan kaɗan su shigar da ƙara da sunan duk waɗanda suka sayi kayan, ko da ba su san juna ba. Muna iya kiranta ƙarar gayya, tun da aikin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya ne ake haɗuwa a kansa.

Da farko sai alƙali ya amince cewa koken mutanen iri ɗaya ne. Daga nan duk wanda ya sayi kayan a shekarun da aka ayyana yana ciki, sai fa in ya rubuto cewa a cire shi. Masu ƙara ba su biyan lauya ko sisi tun farko. Lauyan ne ke ɗaukar ɗawainiya, idan an ci nasara ya yanki kasonsa, galibi daga rubu'i zuwa sulusin kuɗin. Kaɗan ne daga cikin waɗannan ƙararraki ke kai wa ga hukunci. Yawanci kamfani kan zaɓi sulhu: ya ware kuɗi, ya yi alkawarin canza talla, ya kuma rubuta a takardar sulhun cewa bai amsa wani laifi ba. Alƙali ne ke da maganar ƙarshe a kan ko sulhun ya yi adalci.

Shari'ar Nutella ta nuna yadda abin ke tafiya. Nutella wani abin shafa wa burodi ne mai cakulan, na kamfanin Ferrero na Italiya. Tallarsa a talabijin ɗin Amurka tana nuna uwa tana ba ƴaƴanta shi da safe, ana ambaton madara, da koko na cakulan, da wata ƙwaya mai kama da gyaɗa. Abubuwa biyu da suka fi yawa a kwalbar ba a ambace su ba: sukari da man kwakwar manja. A cokali biyu, wato giram 37, giram 21 sukari ne zalla, fiye da rabi. A watan Fabrairu na 2011 wata uwa a jihar Kalifoniya, mai ɗiya ƴar shekara huɗu, ta shigar da ƙara. Ta ce tallar ce ta sa ta ɗauka abinci mai gina jiki take ba ɗiyarta. Mutane da yawa suka yi mata dariya, suna cewa wa bai san cakulan alewa ba ne, kuma ai an rubuta komai a bayan kwalba. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Amma kamfani ba ya kashe miliyoyi a kan tallar da ba ta aiki, kuma ƙananan haruffa a baya ba su wanke babban hoto a gaba. A 2012 aka yi sulhu a kan dala miliyan 3 da ɗoriya. Kowane mai saye zai iya neman dala 4 a kan kwalba ɗaya, iyaka kwalba biyar, wato dala 20, kimanin jika goma a canjin lokacin. Kamfanin ya kuma yarda ya janye waɗancan tallace-tallace, ya fito da adadin sukari da mai a gaban kwalba.

Dannon, reshen Amurka na kamfanin Danone na Faransa, ya biya fiye da haka. Ya tallata kindirmon Activia da cewa kimiyya ta tabbatar yana daidaita ciki cikin mako biyu, ya kuma sa masa kuɗi sama da na sauran. A 2009 ya ware dala miliyan 35 domin masu saye, a 2010 ya biya jihohi 39 wasu dala miliyan 21. Hukumar FTC ta hana shi sake cewa kindirmon yana sauƙaƙa bayan gida, sai in ya bayyana cewa sai an sha sau uku a rana.

Labarin Red Bull ya yaɗu a gurguje, har ana cewa wai an kai kamfanin ƙara ne domin abin shan bai fitar wa kowa da fukafukai ba, kamar yadda kirarinsa ke cewa. Ba haka ba ne, kirarin fukafukai yabon kaya ne irin wanda kotu ba ta kulawa. Koken shi ne kamfanin yana nuna cewa abin shansa ya fi gahawa ƙara kuzari da kaifin tunani, alhali ƙaramin gwangwaninsa miligiram 80 na kafeyin ke ciki, wanda bai wuce na kofin gahawa ɗaya ba. Kafeyin shi ne sinadarin da ke hana barci a goro da shayi. A 2014 kamfanin ya yi sulhu a kan dala miliyan 13, ba tare da amsa laifi ba. An yi wa kowane mai saye alkawarin dala 10, ba a kuma nemi shaidar saye ba. Jama'a suka yi ca, aka raba kuɗin da yawansu, kowa ya tashi da abin da bai kai dala biyar ba.

Wa ke cin moriya?

A nan ne masu sukar ƙarar gayya ke da ƙarfi, kuma ba a ce ba su da hujja. Mai saye ya sami kuɗin cefanen yini ɗaya, lauya ya sami miliyoyi. Wani bincike da FTC ta fitar a 2019 ya nuna cewa a yawancin sulhun da ta duba, waɗanda ke cika takardar neman kasonsu ba su kai ɗaya cikin goma ba. Wasu ba su ji labari ba, wasu sun ga abin bai kai wahalarsa ba.

Wani lokaci ma ƙarar kanta ba ta da tushe. A 2013 wani matashi a Ostiraliya ya ɗora hoto a Facebook yana auna burodin Subway da ake kira mai ƙafa ɗaya, wato inci 12, kimanin santimita 30. Ya samu inci 11. Lauyoyi a Amurka suka ruga kotu. Bincike ya nuna ƙullin kowane burodi nauyinsa ɗaya, gashi ne ke sa wani ya ɗan gajarta, babu wanda aka tauye wa abinci. Duk da haka aka tsara sulhun da zai ba lauyoyi dala 520,000, sauran masu saye kuwa ko ƙwandala. A 2017 kotun ɗaukaka ƙara da ke Shikago ta soke shi, ta ce sulhun da lauyoyi kaɗai ya amfana ba shi da wata daraja.

Inda kayan ke da tsada kuma yaudarar ta tabbata, lissafi yakan canza. A 2015 aka gano cewa kamfanin Volkswagen ya sa wata manhaja a motocinsa masu aiki da gas-wal, wajen miliyan 11 a duniya, wadda ke rage hayaƙi mai guba lokacin gwaji kawai. A kan hanya wasu na fitar da ninki arba'in na abin da dokar Amurka ta yarda, alhali an tallata su a matsayin masu tsabta. Sulhun 2016 ya kai dala biliyan 14.7, kimanin biliyan 10 daga ciki domin sayen motocin daga hannun masu su da biyansu diyya.

A kayan abinci dai, babbar ribar ba ta shiga aljihu. Tana jikin kwali: kalmar da aka goge, adadin da aka fito da shi fili, da tsoron da ya shiga sauran kamfanoni.

Faransa, Najeriya da Nijar

Ranar 15 ga Maris 1962 shugaban Amurka John Kennedy ya zayyana wa majalisar ƙasarsa haƙƙoƙi huɗu na mai saye: kada kaya su cutar da shi, a gaya masa gaskiya, ya sami zaɓi, a kuma saurari kokensa. Shi ya sa ake bikin ranar masu saye ta duniya a wannan rana kowace shekara. Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da nata ƙa'idojin a 1985.

Faransa, wadda tsarin shari'ar Nijar ya ɗauko abubuwa da yawa daga nata, ta daɗe tana ƙin ƙarar gayya saboda gudun abin da ta gani a Amurka. Sai a 2014 ta yarda da ita, ta kuma ba ƙungiyoyin masu saye da hukuma ta amince da su kaɗai ikon shigar da ita. Ƙararrakin da aka shigar ba su yi yawa ba, aka sake gyara dokar a 2025. Amma can tallar yaudara laifi ne da ke iya kai mutum kaso na shekara biyu da tarar yuro 300,000, kusan sefa miliyan 197.

Najeriya, inda kaya da yawa na kasuwannin Maraɗi da Damagaram ke fitowa, tana da hukumar NAFDAC mai kula da abinci da magunguna tun 1993, da kuma hukumar kare masu saye ta FCCPC da aka kafa da dokar 2018. Wata shari'a a Legas ta nuna irin haƙurin da mai ƙara ke bukata. Wani ɗan kasuwa ya kai Fanta da Sprite na Najeriya Ingila a 2007, hukumomin can suka kama kayan saboda sinadarin hana lalacewa da ke ciki ya wuce iyakarsu. Ya shigar da ƙara a 2008, hukunci bai fito ba sai a 2017. Kotu ba ta ba shi diyyar da ya nema daga kamfanin ba, amma ta umarci NAFDAC ta sa a rubuta gargaɗi cewa kada a haɗa lemon da bitamin C. Kamfanin ya ce awonsa yana cikin iyakar dokar Najeriya da ta duniya, ya ɗaukaka ƙara.

Nijar ma ta yi doka a 2015 da ta shimfiɗa manyan ƙa'idojin kare masu saye. Wanda ke da koke, ƙofar da ta fi kusa ita ce ofishin ma'aikatar kasuwanci na jiharsa ko wata ƙungiyar masu saye. Kuma ko a Yamai ko a Landan, koke ba ya tafiya sai da shaida: kwalin ko gwangwanin, takardar saye in an bayar, ranar da aka saya da wurin, da ainihin abin da tallar ta faɗa. Koken mutum ashirin a kan kaya ɗaya ya fi na mutum ɗaya nauyi.

Maganar madara

Akwai tallar da asararta ta wuce kuɗi. A shekarun 1960 da 1970 kamfanonin madarar jarirai sun bazu a Afirka, Asiya da Kudancin Amurka. Suna talla a rediyo, suna raba gwangwanin kyauta a asibitocin haihuwa, wasu har suna sa masu tallarsu tufafi irin na ma'aikatan jinya. Uwa ta fara ba jariri madarar kyauta, nononta ya ragu tun da ba a tsotsa. Kyauta ta ƙare, kuɗin saye ya gagara, sai ta riƙa tsinka madarar da ruwa mai yawa, ruwan kuma sau da yawa ba mai tsabta ba. Zawo da tamowa su biyo baya.

A wannan karon kamfani ne ya kai ƙara. A 1974 wata ƙungiya a birnin Bern na Suwizalan ta buga wani ɗan littafi da takensa ke zargin Nestlé da kashe jarirai. Nestlé ya ce an ɓata masa suna. A 1976 kotu ta ba shi gaskiya a kan taken, ta ci mutum goma sha uku na ƙungiyar tarar faran 300 na Suwizalan kowannensu. Sai dai alƙalin ya gaya wa kamfanin cewa dole ya sake salon tallarsa tun daga tushe. Shari'ar ta ja hankalin duniya, ƙaurace wa kayan kamfanin ya fara a Amurka a 1977, sannan a 1981 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince da ƙa'idar sayar da madarar jarirai. Ƙasashe 118 suka goyi baya, Amurka kaɗai ta ƙi. Ƙa'idar ta hana tallata wannan madara ga jama'a, ta hana ba iyaye mata samfurin kyauta, ta hana sa hoton jariri a jikin gwangwani. Ƙarfinta a kowace ƙasa ya dogara ga dokar da ƙasar ta yi a kanta.

A kasuwannin Afirka ta Yamma na yau akwai wata madarar da ta cancanci a duba ta da kyau. Wani babban kaso na garin madarar da ake shigowa da shi daga Turai an cire masa man shanunsa, an maye shi da man tsirrai, galibi na kwakwar manja, domin ya fi arha. Sayar da shi ba laifi ba ne in an faɗi abin da yake. Hukumar Codex, mai tsara ƙa'idojin abinci ta duniya, ta ba shi suna nasa daban tun 2006, ta kuma ce a rubuta a jikinsa cewa bai dace da jarirai ba. Matsalar tana tasowa ne idan an zana saniya a gaban leda, ko an buɗe babban buhu an ƙulla shi ƙulli-ƙulli babu rubutu ko ɗaya. Tun 2018 ƙungiyoyin makiyaya na yankin, har da na Nijar, suke kamfe a kan wannan, suna cewa yana karya kasuwar nonon gida.

Ƙa'idar rubuta abubuwan da ke cikin abinci ita ce a jera su bisa nauyi, wanda ya fi yawa shi ne na farko. A kayan da aka rubuta da Faransanci, jerin yana ƙarƙashin kalmar "ingrédients". Sukari shi ne "sucre". Madarar da ba a taɓa manta ba ita ce "lait entier", wadda aka cire wa mai "lait écrémé". Idan kuka ga "matière grasse végétale" ko "huile de palme" a ledar garin madara, to man da ke ciki na tsirrai ne.